Kafin Ku Shafa Man Makero

'Ya'yana da jikokina na Talata Mafara da Bakura da Maradun, ku gyara zama in yi muku wata 'yar magana. Ba ta kai a hau mumbari saboda ita ba, amma da wuya a sami gidan da ba ta leƙa ba. Maganar makero ce, da ƙora, da ƙyasbi, da cin ruwa, da kuma 'yan mayukan nan da kuke sayowa a kemis kuna shafa musu.

Ƙasarmu tana da duk abin da waɗannan cututtuka suke so. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, aka jawo ruwan Gulbin Sakkwato zuwa gonaki, ƙafar manomin shinkafa ba ta ƙara sanin bambancin rani da damina ba, kullum tana cikin caɓi. Ga gumin bazara, ga takalmin roba, ga tsangayu da makarantun kwana inda yara ke kwana kai da kai a tabarma guda. Yanzu kuma ga 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, ɗakin mutum biyu ya koma na takwas. Abin da ke kawo ciwon wata 'yar halitta ce dangin fumfuna, likitoci suna ce mata fangas. Saman fata take ci, da gashi, da farce, kuma wuri mai ɗumi da danshi shi ne masaukinta. Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne. Ɗan gidan da ake wanka kullum ma yana iya kwasowa daga hular abokinsa, ko daga jikin maraƙi ko kyanwa.

Da farko dai ku san abin da kuke shafa wa magani. Makero zagaye yake yi, bakinsa ya ɗan tasa da ɓarɓashi, tsakiyarsa tana washewa shi kuma yana cin gaba. Ƙyasbi dabbare-dabbare ne a ƙirji da baya da wuya, in an sosa ya yi ɗan gari. Cin ruwa kun san shi, tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari, ya jiƙe, ya tsage. Duk waɗannan man fangas yana yi musu. Ƙazuwa ba ta cikinsu: wani ɗan ƙwaro ne ke haƙa a cikin fata, ƙaiƙayinta ya fi tashi da dare, ta bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, maganinta kuma daban ne. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne farin tabon da ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, in kuma mai shi ya rufe ido aka shafa masa auduga a wurin ba ya ji. Kada a ce masa ƙyasbi a yi ta shafa mai har shekara ta zagayo. Yana iya zama farkon kuturta. Yau ana warkewa daga kuturta sarai, maganinta kyauta ne a asibitin gwamnati, amma jijiyar da ta riga ta lalata ba ta dawowa.

Ban hana ku zuwa kemis ba. Na san halin da hanyoyinmu suke ciki, na san akwai wanda kafin ya baro ƙauyensa zuwa babban asibitin Mafara sai ya yi lissafin rai kafin na kuɗin mota. Roƙona ɗaya ne, ku juya kwalin ku karanta. Ku ne kuka yi boko, wasunku ma suna Kwalejin Abdu Gusau, karatun layi biyu ba zai gagare ku ba. Ku duba lambar NAFDAC, ku duba ranar ƙarewar wa'adi, sannan ku gangara wurin ƙananan rubutun da ke faɗin abin da ke ciki. In kun ga clotrimazole shi kaɗai, ko miconazole, ko terbinafine, ko ketoconazole, to maganin fangas ne tsantsa, shi kuke nema. Har tsohon man nan na Whitfield, da ya ci sunan wani likitan fata na Ingila, yana nan yana aiki, ga araha, sai dai yana ɗan yin raɗaɗi kuma ba a kai shi fuska ko matsematsi. Amma in a gefen sunan kun ga an ƙara betamethasone, ko clobetasol, ko dexamethasone, ku mayar wa mai kemis abinsa cikin mutunci, ku ce ya ba ku wanda ba gauraye ba.

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne aka fi cutuwa. Waɗannan sunaye uku dangin wani magani ne da ake kira sitiroyid, shi ne ƙashin bayan mayukan da ake wa kirari da masu aiki uku. Sitiroyid ba ya kashe fangas. Aikinsa ya kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, yana kuma yin haka ne ta hanyar danne garkuwar fata, wato masu gadin da ke faɗa da cutar. Shi ya sa yaro zai shafa daren Litinin, kafin Laraba ƙaiƙayi ya ɗauke, jan ya kwanta, ya ce wallahi wannan mai sha-yanzu-magani-yanzu ne, har ya yi wa abokinsa talla. Ya bari kwana biyar, abin ya dawo ya fi da faɗi. Ya sake saye. Wata uku ana haka, makeron da ya fara kamar kwabo a cinya ya mamaye gindi da mara, zagayensa ya ɓace, har ma'aikacin lafiya ya duba ya kasa gane shi. Fatar wurin ta yi fari, ta yi siriri, nankarwa ta fito mata ja-ja, irin wadda ba ta gogewa. 'Yan matana da ke shafa shi a fuska don haske, ƙurajen da ke biyo baya da jijiyoyin da ke bayyana a kumatu daga nan suke. Mafi muni shi ne a shafa wa jariri a ƙarƙashin nafkin: fatarsa ba ta yi ƙwari ba, wurin a rufe yake, maganin yana ratsawa ya shiga jini.

Sitiroyid magani ne na gaske, likita yana rubuta shi ga wasu cututtukan fata, na 'yan kwanaki, da idonsa a kai. Saye da ka ne matsalar. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Shekaru ana sayar da irin waɗannan gaurayen mayuka a can babu takardar likita, sai ga wani nau'in makero ya ɓulla wanda sau da yawa ba ya jin terbinafine. A 2020 masana suka raɗa masa suna Trichophyton indotineae, a 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton samun sa a birnin New York. Cutar da ta tsallaka teku haka, Mafara ba ta yi mata nisa ba.

To in an samo na gaskiyar, ga yadda ake yi. A wanke wurin da ruwa da sabulu mai laushi, ban da soso mai kaushi, a tsane shi ya bushe ƙarau. A lakato ɗan kaɗan a kan yatsa, a murza ya shige. Laɓta shi da yawa ba ya ƙara sauri, tub ɗin kawai yake ƙararwa. A wuce bakin zagayen da kamar santimita 2, faɗin yatsa ke nan, domin cutar ta riga ta kai inda ido bai gani ba. A wanke hannu bayan an gama, kada a kai shi ido ko baki, kada kuma a ɗaure wurin da leda ko filasta. Sau biyu ake shafawa a rana, shawarata kuwa ku ɗaura shi a kan salla: bayan asuba da bayan lisha, lokacin an gama alwala, ba a kusa sake jiƙa wurin ba. Mai cin ruwa ya ajiye ɗan ƙyalle nasa na kansa, duk alwala ya tsane tsakanin yatsunsa kafin ya sa takalmi. In ya dawo daga fadama ya wanke ƙafa, ya kifa takalmin robar a rana.

Sai haƙuri. Clotrimazole da miconazole suna son mako 2 zuwa 4, terbinafine yakan gama a mako 1 zuwa 2. Ɗaukewar ƙaiƙayi ba warkewa ba ce, ko bayan tabon ya ɓace a ƙara mako guda ko biyu ana shafawa. In ƙirgen kwanaki yana rikita ku, ku ƙirga da kasuwa: Talata huɗu. Ana yi ana wanke tufafi da zanen gado da tawul, a shanya a rana, wando da singileti a goge su da dutsen guga. Ƙyasbi shi halinsa daban: ƙwayarsa tana zaune a fatar kowa, zafi da gumi ne ke tayar da ita, saboda haka ba abin ƙyamar mai shi ba ne. Shamfu mai ketoconazole yana yi masa, amma launin fata yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita bayan cutar ta mutu, kuma yana iya dawowa wata bazarar. Kada farin da ya rage ya sa ku yi ta canza mai.

Yanzu ga ƙora, kuma iyaye mata da malaman tsangaya nake so su fi saurara. Man shafawa shi kaɗai ba ya warkar da ƙora. Duk manomi ya san aya-aya: ka share ganyenta yau, jibi ta tsiro, don gindinta yana ƙasa. Haka fangas yake shiga cikin silin gashi ya gangara har saiwarsa, inda mai ba ya kaiwa. Dole sai maganin sha, wanda zai bi jini ya same shi a can. Wanda aka fi sani shi ne griseofulvin, da mutane ke kira Fulcin, tun 1958 ake ba mutane shi. Da nauyin yaro ake auna shi, shi ya sa ma'aikacin lafiya ne zai ɗora yaron a sikeli ya rubuta, ba a ɓalla ƙwayar babba biyu a ce ta yi. Ana shan sa mako 6 zuwa 8 ba fashi, tare da abinci mai maiƙo, madara ko nono ko tuwo da man shanu, domin da maiƙo hanji ke tsotse shi. Wani lokaci likita yakan zaɓi ƙwayar terbinafine maimakonsa. Shamfu mai ketoconazole ko selenium sulphide mataimaki ne: sau biyu a mako, a bar kumfar minti biyar a kai kafin a ɗauraye, don rage yaɗuwa ga ƙanne da abokai. Yaron da ya fara shan magani ba sai an hana shi makaranta ba.

Griseofulvin yana da sharuɗɗa. Mai ciki ba ta shan sa ko kusa, domin yana iya taɓa abin da ke cikinta. Yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Magidancin da ya sha ana ba shi shawara ya jinkirta neman haihuwa wata shida. Duk wanda ke sha ya ga idonsa ya yi ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu, ko jiki ya feso da ƙuraje, ya tsaya ya nufi asibiti. Ketoconazole kuma, na shafawa da na wanke kai ba su da laifi, amma ƙwayarsa ta haɗiya tun 2013 ƙasashen Turai suka dakatar da ba da ita don fangas saboda illar da take yi wa hanta. Kada wani ya ƙirga muku ita a leda.

Wani lokaci ƙora takan kumbura ta yi tudu mai laushi, tana tsattsafo da ruwa kamar maruru. Kada a kai wa wanzami ya tsaga. Ba mugunya ce ta taru wuri guda ba, jiki ne ke faɗa da fangas, maganin sha ne zai sace ta. Tsagawa da jinkiri su ke barin tabon da gashi ba ya sake fitowa, yarinya ta girma tana ɓoye kai ko a cikin mata 'yan'uwanta. Wanzamai abokan zamanmu ne, ba na zargin su, amma aska ɗaya ko kilifa ɗaya da za ta bi kawunan almajirai ashirin a yini ita ce babbar hanyar ƙora. Mai hali ya saya wa gidansa kilifa. Marar hali ya tafi da sabuwar reza, ya kuma tsaya ya ga an kakkaɓe gashi an wanke kayan aiki. Haka wurin kitso, kowace yarinya da matajinta da tsinkenta, ɗankwali da hula kuma ba a aro.

Akwai abubuwan da nake jin kunyar ma lissafa su, amma ana yi: baƙin man inji, man birki, kananzir, man goge baki, tafarnuwa dakakkiya, kankare wurin da reza har ya yi jini, har da ruwan batirin mota. Ƙona fata suke yi, ƙunar ta rufe makeron a zaci ya mutu, alhali an buɗe wa wasu ƙwayoyin cuta ƙofa. Batirin mota da dalma ake yin sa, mu kuwa a Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba, bayan yara fiye da 400 da muka rasa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010.

In an yi mako biyu ana shafa na gaskiya yadda ya kamata ba a ga sauƙi ba, ko ciwon ya mamaye jiki, ko ya kama farce ko gemu, ko wurin ya yi zafi yana fitar da mugunya, lokacin asibiti ya yi. Mai ciwon suga kada ma ya jira mako biyun in ƙafa ce, tsaguwa ƙarama takan zame masa gyambo. Makeron da ke yawan dawowa kuma dalili ne na a auna suga da garkuwar jiki. A fara da asibitin da ke kusa; in ya gagara za su tura ku Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake kankaro ɓarɓashin fata a duba da madubin likita. Ku zuba kwalayen duk abin da kuka shafa a leda ku tafi da su, har wanda kuke jin nauyin nunawa, ku faɗa wa likita tsawon lokacin da kuka yi kuna shafa kowanne.