Yadda A Kan Tsare Injin Mota Daga Zafi Da Bazara

Da bazara ta kama, watau daga watan Maris zuwa Mayu, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri, ko ta Gusau zuwa Sakkwato, ba ya rasa ganin mota tsaye a gefen titi, bonet a buɗe, tururi na tashi, yaron mota ya shiga ƙauye da galan neman ruwa. In an tambayi direba, sai ya ce rana ce. To, rana tana da nata laifi, amma ba ita ce tushen abin ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bi wannan magana daki-daki, gama da yawa daga cikinmu za su riƙe mota, ko su shiga motar wani.

Mu fara da inda zafin ya ke fitowa. Inji da wuta ya ke aiki. Cikin kowace silinda fetur da iska suna kamawa, zafinsu kuwa ya kan wuce digiri 2,000 a ma'aunin Selshiyas, alhali alminiyam ɗin da a ke ƙera kan injin yawancin motocin yanzu da shi ya kan narke a wajen digiri 660. In aka raba ƙarfin fetur kashi uku, kamar kashi ɗaya ne kaɗai ke tura mota. Kashi ɗaya ya fice ta salansa, sauran kashin kuwa ya zauna cikin ƙarfe, tilas a sami mai ɗauke shi. Ruwa ne a ke ba wannan dako. Famfo ya kan tura shi ta hanyoyin da aka bari cikin jikin injin, ya kwaso zafi, ya bi ta tiyo zuwa lagireto. A can sai ya rarrabu cikin ƙananan bututu masu yawa, iska ta ratsa tsakaninsu, ya huce kaɗan ya komo. Dabarar mai shayi ke nan, sa'ad da ya ke sheƙa shi daga kofi zuwa kofi domin iska ta taɓa ko'ina. Wani Bajamushe, Wilhelm Maybach, shi ya sa wa motar Mercedes ta 1901 lagireto mai kama da saƙar zuma, har yau kuwa hikimar ba ta sake ba, ko da ya ke siffar ta sake.

Yanzu ga ɗan lissafi, wanda shi ne zuciyar darasin. Yawan zafin da lagireto ke zubarwa yana bin ratar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iskar waje. A ce ruwa yana digiri 90. Da safiyar hunturu, iska tana 15, rata 75 ke nan. Da azahar ta watan Afrilu, iska ta kai 43, rata ta koma 47. Watau lagireto bai sake ba, amma fiye da sulusin ƙarfinsa ya tafi. Masu ƙera mota sun san haka, sun bar rara domin irin wannan rana. Motar da kayanta ke lafiya ba ta tafasa don bazara kawai. Wadda ta tafasa, dā ma tana da ciwo ɓoye, hunturu ne ya rufa mata asiri.

Daga wannan lissafi za mu gane wani abin da ya kan ba mutane mamaki: ba a son ruwan inji ya yi sanyi. An shirya shi ya zauna tsakanin digiri 85 da 105 ko kusa da haka, gama in ruwa ya fi zafi, rata ta fi faɗi, lagireto ya fi aiki. Amma ai ruwa a digiri 100 ya ke tafasa, in ya zama tururi kuwa ba ya ɗaukar zafin kirki. Me ke hana shi? Murfin lagireto. Wannan ɗan abu, wanda ba a kula da shi, yana da waya mai tauri da roba, yana danne ruwa kamar tukunyar da aka toshe bakinta, har ba ya tafasa sai wajen digiri 120. In robar ta tsage, ko wayar ta saki, ko aka maye gurbinsa da tsumma da leda kamar yadda mu kan gani a tasha, an zubar da digiri 20 a banza. Mai hawa dutsen Jos ya fi kowa bukatar murfi mai kyau, domin a tudu mai tsawon kamar mita 1,200 ruwan da ba a danne ba tun a wajen digiri 96 ya ke tafasa, ga shi inji yana nishi da kaya a ƙaramar giya.

Sa'an nan akwai wani ɗan ƙyaure a bakin hanyar ruwa, makanikai suna ce da shi tamostat. Muddin inji bai ɗumama ba, a rufe ya ke. Da ruwa ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, sai ya buɗe da kansa. Al'ada ta bazu a garejinmu, da mota ta iso ƙasar nan sai a cire shi a jefar, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Mu dai ba mu yarda da wannan ba. Injin da bai kai zafinsa ba ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa, a motocin yanzu kuma kwamfutar ciki ta kan ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur. A waɗansu injuna ma, tamostat ne ke toshe wata gajeriyar hanya da ke kewaye lagireto. In babu shi, sai wani ruwan ya riƙa bin ta nan, ya komo da zafinsa. I, ya kan lalace ya ƙi buɗewa, mota ta tafasa nan da nan. Gwada shi ba wuya: a jefa shi cikin tukunyar ruwa bisa wuta, in bai buɗe ba kafin ruwa ya tafasa, a sayi sabo.

Game da abin da a ke zubawa, ruwan rijiya da na burtsatse su kan bar farin ɓawo irin wanda mu ke gani a gindin butar shayi, su kawo tsatsa kuma. Bututun lagireto ƙanana ne ƙwarai, ba su jure wannan. Ruwan nan mai launi da a ke sayarwa a galan, an fara yinsa ne domin hana daskarewa a ƙasashen ƙanƙara, amma yana da maganin tsatsa, yana kuma ƙara jinkirta tafasa, saboda haka mu ma yana da amfani gare mu. In ba gauraye aka sayo shi ba, a kan haɗa shi rabi da rabi da ruwa mai tsabta, irin wanda a ke zuba wa batir. A yi hattara da shi: yana da zaƙi, amma guba ne, ya kan kashe yaro ko dabba.

Saura iska. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari su kan liƙe fuskar lagireto, a wanke ta kafin bazara, ba da ruwa mai ƙarfi ba don kada haƙarƙarinta su lanƙwashe. A taɓa fambel a ji ko ya saki. In fankar ta lantarki ce, a bar mota tsaye tana aiki, a ga ko za ta tashi da kanta. Motar da ke zafi cikin cunkoso ta huce a buɗaɗɗiyar hanya, fanka a ke fara tuhuma. Wadda ke zafi in ana gudu ko hawan tudu, a duba ko lagireto ya toshe. Baƙin mai ma yana ɗaukar nasa rabon zafi, kada a bar shi ya yi ƙasa.

To, in allura ta doshi ja ana cikin tafiya fa? A kashe na'urar sanyi, a kunna ta ɗumi har ƙarshe, ko da fasinja za su yi gunaguni, gama ita ma ɗan lagireto ce. A nemi wuri a tsaya. In tururi ya fito, a kashe inji nan take. Kada kowa ya taɓa murfi! Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, danniya ce kaɗai ta riƙe shi; da an murɗa zai yi tsartuwa ya saɓule fatar hannu da fuska. A jira rabin sa'a ko fiye, har tiyon sama ya yi laushi a hannu, kana a buɗe sannu da tsumma mai kauri. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi kan ƙarfe mai zafi, nan ne sauri ke haifar nawa: kan injin ya kan karkace ko ya tsage, gasket ɗin da ke tsakaninsa da silinda ya ƙone. Alamunsa su ne farin hayaƙi mai yawa daga salansa, da kumfa cikin lagireto, da baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara. In an ga ɗaya daga cikinsu, ƙarin ruwa ba zai yi magani ba, sai a nemi mai jan motar zuwa gareji.