Darasi na Goma Sha Huɗu: Gidan Gahawa Mai Rassa Dubu Arba'in

A. Karatu

A Hausa kalmar "kofi" tana da ma'ana biyu. Tana nufin ƙaramin mazubin da ake shan ruwa ko shayi da shi, tana kuma nufin baƙin abin shan nan mai ɗaci da ake yi da 'ya'yan wata bishiya. Don kada mu ruɗe, a wannan darasi za mu riƙa kiran mazubin "kofi", abin shan kuwa mu kira shi "gahawa", kalmar da Hausa ta aro daga Larabci.

A duk duniya babu kamfanin da ya kai Starbucks yawan shagunan shan gahawa. A shekarar 2024 rassansa sun haura 40,000 a ƙasashe fiye da 80. Amma da shago ɗaya tak aka fara, a birnin Seattle da ke arewa maso yammacin Amurka, a shekarar 1971. Mutum uku suka kafa shi: Jerry Baldwin, Zev Siegl da Gordon Bowker. Biyun farko malaman makaranta ne, na ukun marubuci. (Wanda yake ganin malami bai san kasuwa ba, sai ya lura da wannan.) A lokacin ba dafaffiyar gahawa suke sayarwa ba. Soyayyun 'ya'yan gahawa suke auna wa mutane, kowa ya tafi gida ya niƙa, ya dafa abinsa.

Wanda ya sauya akalar kamfanin shi ne Howard Schultz, wanda ya kama aiki a wurin a 1982. Bayan shekara ɗaya sai aiki ya kai shi birnin Milan na ƙasar Italiya. A can ya ga abin da ya ba shi mamaki. Kusan kowane titi akwai ƙaramin shagon gahawa, mai shagon ya san masu zuwa, yana gaishe su, su kuma suna tsayawa su yi hira kafin su wuce wurin aiki. Schultz ya dawo gida ya roƙi iyayen gidansa su mai da hankali ga irin wannan ciniki, amma ba su ba shi goyon bayan da yake so ba. Sai ya bar su ya buɗe nasa shagon. A 1987 kuma ya tara kuɗi daga masu zuba jari, ya sayi Starbucks ɗin kansa a kan dala miliyan 3.8.

To, mene ne Schultz ya gano? Ya gano cewa mai shiga shagon gahawa ba abin sha kaɗai yake nema ba, yana neman wurin zama. Ya riƙa kiran shagunansa "wuri na uku", wato ba gida ba ne, ba kuma wurin aiki ba ne, wuri ne a tsakaninsu inda mutum zai huta, ya karanta jarida, ko ya sadu da aboki. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ko a Legas kuke, ko a Ibadan, ko a Enugu, kun san teburin mai shayi. Wanda ya zauna a bencin mai shayi da dare yana iya dafa shayin nan a gidansa da kuɗin da bai kai haka ba. Abin da ba zai iya dafawa a gida ba shi ne hirar. Schultz ya ɗauki irin wannan zama, ya sa masa kujeru masu laushi da kiɗa mai sanyi, sa'an nan ya ɗora masa farashi mai tsada, mutane kuwa suka biya.

Shi ya sa kuɗin 'ya'yan gahawa ɗan kaɗan ne a cikin abin da mai saye yake biya a kan kofi ɗaya. Mafi yawan kuɗin yana tafiya ne ga hayar shago, da albashin ma'aikata, da madara, da ribar kamfani. Manomin da ya yi wahalar noman, a Birazil ko a Habasha, shi ne mai ƙaramin rabo. A 2006 gwamnatin Habasha ta yi jayayya da Starbucks a kan sunayen gahawarta uku da suka shahara, wato Sidamo, Harar da Yirgacheffe. Habasha tana son a amince cewa sunayen mallakarta ne, domin manomanta su sami farashi mai kyau. Sai a 2007 ɓangarorin biyu suka sasanta.

Daga 1992, lokacin da aka fara sayar da hannun jarin kamfanin ga jama'a, rassa suka yi ta yaɗuwa kamar wutar daji. An buɗe a Tokyo a 1996, a Beijing a 1999. A wasu biranen Amurka har akan ga shago biyu na Starbucks suna kallon juna a titi ɗaya.

A nan ne matsala ta ɓullo. Domin a sallami mutane da sauri, sai aka kawo na'urori masu haɗa gahawa da kansu. Aka kuma koma kawo gahawa a rufe cikin leda, ƙamshin da yake tarbar mutum tun daga bakin ƙofa ya ragu. Shagon ya zama wurin bin layi, ba wurin hira ba. Schultz, wanda ya riga ya bar gudanar da kamfanin tun 2000, ya rubuta wa shugabannin takarda a 2007 yana kokawa a kan haka. A farkon 2008 ya dawo kan kujerarsa. Ranar 26 ga Fabrairu ta wannan shekara ya sa aka rufe shaguna kusan 7,100 a Amurka na tsawon awa uku da ɗoriya, don a sake koya wa ma'aikata yadda ake haɗa gahawa. Ku yi tunanin cinikin da aka rasa a wannan yammaci! Bayan 'yan watanni kuma aka sanar da rufe shaguna kimanin 600 baki ɗaya, saboda ba sa kawo riba.

A Ostireliya abin ya fi muni. Mutanen ƙasar sun daɗe da nasu ƙananan shagunan gahawa, sun kuma san mai kyau. Starbucks ya shiga a 2000, ya yi gaggawar buɗe rassa, amma a 2008 ya rufe fiye da 60, wato mafi yawansu. Suna ya kai ko'ina, ciniki bai biyo shi ba. A ganina wannan ne ya kamata mai sha'awar kasuwanci ya fi nazari a tarihin kamfanin, fiye da labarin nasarorinsa.

Yanzu ina aka dosa? Kamfanin yana da ƙarfin da ba a raina shi. Miliyoyin mutane suna zuba kuɗi a katinsa ko a manhajarsa ta wayar hannu tun kafin su sha komai. Kuɗin da ke ajiye ta wannan hanya ya wuce dala biliyan ɗaya, kamfanin yana juya su ba tare da biyan ruwa ba. Ba kowane ɗan kasuwa ne yake samun irin wannan gata ba.

Sai dai manhajar nan ita ce ta sake jawo tsohuwar cutar. Mutum yana yin oda daga cikin motarsa, ya shigo ya ɗauki kofinsa ya fita, ko sallama babu. Oda tana yi wa ma'aikata yawa, wanda ya zo zama kuma ya tarar da cunkoso. Kamfanin yana son ya zama wurin hutawa, yana kuma son ya zama wurin sallamar mai sauri. Hausawa kuwa sun ce ba a tauna taura biyu. A 2024 ciniki ya ja baya a Amurka da Sin, aka naɗa sabon shugaba, Brian Niccol, wanda ya kama aiki a watan Satumba. Daga cikin matakan farko da ya ɗauka akwai rage yawan nau'o'in abin sha, da dawo da kofunan tangaran ga masu zama, da umartar ma'aikata su riƙa rubutu da hannu a jikin kofi kamar da.

A ƙasar Sin kuwa abokin hamayya ne ya taso daga cikin gida. Kamfanin Luckin Coffee, wanda aka kafa a 2017, yana buɗe ƙananan shaguna da kusan babu wurin zama, yana sayar da gahawa da araha ta wayar hannu. Yau ya fi Starbucks yawan rassa a ƙasar nesa ba kusa ba. Ga kuma tsadar 'ya'yan gahawa: fari ya taɓa gonakin Birazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman gahawa, har farashin ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a farkon 2025.

A Afirka, nahiyar da bishiyar gahawa ta samo asali, rassan Starbucks ba su da yawa. Akwai su a Masar da Maroko, sai Afirka ta Kudu inda aka buɗe na farko a Johannesburg a 2016. Ko a can ɗin, kamfanin da ya fara karɓar lasisin gudanar da su ya sayar da su a 2019 bayan ya sha asara.

B. Ma'anar Kalmomi

Reshe (jam'i: rassa): hannun bishiya; a nan, shagon da yake ƙarƙashin babban kamfani.
Jari: kuɗin da ake fara kasuwanci da su.
Hannun jari: kason da mutum ya mallaka a cikin kamfani.
Sauya akala: canza inda abu ya dosa. Akala ita ce igiyar da ake jan raƙumi da ita.
Ruwa: a nan, ƙarin kuɗin da ake biya a kan bashi.
Taura: wani ɗan itace mai tauri.

C. Tambayoyi

1. Me Starbucks yake sayarwa a 1971, me kuma Schultz ya ƙara?
2. Ta wace hanya shagon gahawa ya yi kama da teburin mai shayi?
3. Me ya sa aka rufe shaguna ranar 26 ga Fabrairu, 2008?
4. Waɗanne abubuwa biyu ne aka kwatanta da "taura biyu"?

D. Nahawu: Saya, Sayar, Sayo

Ku lura da yadda ƙarshen aikatau yake sauyawa. Idan suna ya biyo baya, sai mu ce: Schultz ya sayi kamfanin. Idan wakilin suna ne: ya saye shi. Idan babu abin da ya biyo baya: kamfanin da ya saya. "Sayar da" kishiyar "saya" ce: sun sayar da shagon. "Sayo" kuwa tana nuna an saya an kawo nan: Ladi ta sayo madara. Ku cike waɗannan guraben:

1. Audu ya ______ gahawa, ya kawo gida.
2. Manomi ya ______ da amfanin gonarsa.
3. Na ga littafin, na ______ shi.

E. Aikin Gida

Ku ziyarci wani mai shayi ko mai sayar da abinci a unguwarku. Ku gaishe shi da Hausa idan yana ji, ku tambaye shi abin da ya fi cin kuɗi a sana'arsa da lokacin da ya fi yin ciniki. Ku rubuta abin da ya gaya muku cikin jimloli goma.