Ɗan Adar, Duba Takardun Mota Kafin Ka Buɗe Inji

Saurayin da ya baro Babankatami ko Buza ko Keita ya sauka Beljiyam, da zarar ya samu takardar zama da ƴan kuɗi a hannu, babbar mota ce ke fara zuwa masa a rai. Ba laifinsa ba ne. Ya tashi yana ganin tsohuwar Hiace tana zirga-zirga tsakanin Madawa da Buza ranar kasuwa, buhunan albasa ɗaure a bisanta, tana ciyar da gida guda shekara da shekaru. Sai ya taka titin Heyvaert a birnin Burusel, inda ake tara tsofaffin motoci ana tura su Afirka ta tashar jirgin ruwa ta Anvers, ya ga Sprinter da Transit da Renault Master a jere, kuɗinsu bai kai yadda ya zata ba. Ɗan'uwa, tsaya. A gida makanike ne ke yanke hukuncin ko mota za ta ci gaba da aiki. A nan hukuma ce, kuma da takarda take yanke shi.

Ciwon tsohuwar kamiyoneti sananne ne. Gishirin da ake watsa wa hanya da hunturu yana cin ƙarfen ƙarƙashinta, tsatsa ta kama bakin tayoyi da gindin ƙofofi. Turbo ya gaji, enjekta su fara yoyo, ambiriyaji ya ƙone saboda nauyin kaya, matatar hayaƙi ta toshe don motar ba ta fita doguwar hanya. Duk wannan makaniken Madawa zai iya ji da shi cikin araha, domin can kayan gyara ne ke da tsada, hannun mai gyara kuwa ba ya da ita. A Beljiyam abin ya juye. Garaji yana lissafin aikinsa da awa, awa guda takan wuce yuro 60, kuma canjin ambiriyaji da faifan da ke bayansa ba wuya ya haye yuro 1000. Motar da ka saya da arha, gyara biyu sun isa su cinye kuɗinta.

Amma ba gyara ne ke karya baƙo ba, tarkon yana cikin kalmar da dillali ke faɗa a gurguje, cewa motar "ta fitarwa waje ce". Ma'anarta ba za a kai ta binciken sayarwa ba. Ba tare da wannan binciken ba, ba ka da fom ɗin neman rajista mai ruwan hoda, wanda wata 2 kawai yake aiki, kuma ba shi hukumar rajistar motoci ta DIV ba za ta yi wa motar rajista da sunanka ba. Idan ka kai ta binciken da kanka aka ba ka jan kati, kwana 15 gare ka ka gyara abin da aka lissafa, wani lokaci ma a hana ta hawa hanya nan take. Kada kuma wani ya ba ka shawarar cire matatar hayaƙi don gudun kashe kuɗi, domin tun Yuli 2022 ana auna ƙwayoyin hayaƙin motocin gazuwal na bayan nan a wurin bincike. Nemi takardar Car-Pass kafin ka ciro ko sisi. Doka ta wajabta wa mai sayarwa ya ba ka ita, tana nuna kilomitan gaskiya, kuma tun 2019 tana nuna ajin Euro na injin. Wannan ajin shi ne ran motar. Tun 2018 unguwanni 19 na Burusel suka zama yankin da aka hana motoci masu yawan hayaƙi, tun Janairu 2022 gazuwal mai Euro 4 ba ya shiga, kuma ƙa'idar ƙara tsauri take yi. Babu ɗan sandan da zai tsayar da kai ka roƙe shi. Kyamara ce ke ɗaukar lamba, wasiƙa ta iso gida da tarar yuro 350, wajen jika 230 na sefa. Anvers da Gand su ma suna da irin nasu.

Wani zai ce akwai izinin shiga yankin na kwana guda. Akwai, yuro 35 ne, amma kwana 24 kawai ake bayarwa a shekara, kuma mai neman abinci da mota kullum yake fita. Wani kuma ya ce in ta ƙi, sai ya tura ta gida ta yi jigila tsakanin Tawa da Keita. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, don motar da Burusel ta kora tana iya ƙara shekaru tana aiki a Adar. Sai dai a yi lissafin kuɗin jirgi da na duwan, a kuma tuna cewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 gadar Malanville da Gaya ta rufe, kaya suka bar hanyar Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Wanda ya yi niyyar turawa gida tun farko ya sayi motar da ake samun kayanta a gida. Wanda zai yi aiki da ita a nan ya sayi wadda doka ta yarda da ita. Mai bin kurege biyu da hannu wofi yake komawa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne aron suna. A Beljiyam lambar mota ta mutum ce, ba ta mota ba. Idan ka lallaɓi ɗan garinku ya yi mata rajista da sunansa, kowace tara da kowane haraji ƙofarsa za su ƙwanƙwasa, shi da ya sha wuya kafin ya samu zama. Ya yi maka kara, kai kuma ka jawo masa masu karɓar bashi. Labarin kuwa ba a Burusel yake tsayawa ba, kafin mako ya zagayo ya isa Babankatami ta WhatsApp, iyaye biyu su daina gaisawa a bakin masallaci. Haka nan tuƙi ba asiransi, ko buɗe inji a gefen titi baƙin mai yana malala gaban ƙofar maƙwabci. Su mutanen nan ba su san sunanka ba, ƙasarka suka sani, kuma ita za su ambata in sun je ofishin unguwa kai ƙara. Idan kuɗinka bai kai na mota mai cikakkun takardu ba, ka yi hayar kamiyoneti ranar da ka samu aikin dako, ko ka tuƙa ta wani bisa albashi har asusunka ya cika.