Gyaran Cikin Murhun Ƙarfe Mai Cin Itace

Da yawa daga cikinmu, in mun gama karatu, za a tura mu makarantun kwana, kuma ba a daɗewa sai a ce wa sabon malami shi ne mai duba kicin. To, a nan zai tarar da murhun ƙarfe mai cin itace, irin mai ƙofa da tanda da bututun hayaƙi. Waje ɗaya ido ke gani, watau bayan murhun, amma lalacewa daga ciki ta ke farawa. Ni da kaina na ga an yar da murhu mai tsada a wata makaranta, alhali kuwa tubali biyu ne kurum suka zube aka ƙyale, har wuta ta ci bangon.

Kafin ka sa hannu, bari murhun ya kwana ba wuta. Kada ka yarda kuku ya watsa masa ruwa don ya huce da sauri. Jikinsa ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa kamar ƙarfen maƙera. In sanyi ya same shi farat ɗaya yana da zafi, sai ya tsage, kuma waldarsa da wuya ƙwarai.

Fara da toka. Ragar ƙarfen da itace ke zama a kai, iskar da ke shigowa ta ƙarƙashi ita ke sanyaya ta. In kaskon toka ya cika har tokar ta taɓa ragar, iska ba ta da hanya, sai ragar ta yi ja, ta lotsa, sandunanta su karye. Ban da wannan, kowa ya san zafin ruwan toka da mata ke tacewa. Haka toka ke yi a murhu in ta sha laima da damina, tana cin ƙarfe da tsatsa. Saboda haka ranar da za a tafi dogon hutu, lalle a kwashe ta sarai. In raga ta lalace, ɗaga ta kurum a ke yi a sa wata. Amma auna da kyau, sabuwar ta zauna da ɗan sarari kowane gefe, gama ƙarfe yana buɗewa in ya ji wuta, in ba wurin motsi sai ya ture bango.

Sa'an nan sai tubalan da aka jera a ɗakin wuta. Waɗannan ba bulon gini ba ne. Da yumɓu mai jure wuta a ke yin su, dangin farar ƙasar nan da a ke haƙa a Ƙanƙara. Aikinsu biyu ne: su kare ƙarfe, su kuma tsare zafi a ciki don itace ya cinye sosai. Tsaga siririya kamar gashi ba kome, muddin tubalin yana zaune daram. Amma in yana marmashewa, ko wani ɓangare ya fita har kana hangen ƙarfe a baya, to lokacin sakewa ya yi. Ga wata dabara da ke rage wahala: kafin ka cire, zana yadda su ke a takarda, ka sa wa kowane lamba da alli, domin sau da yawa wani ne ke riƙe da wani, sai an bi su daki-daki. Kankare baya da buroshin waya, ka jera sababbi. Ƙananan ramuka a cike su da simintin wuta. Simintin gini ba ya yi, zafi na farfasa shi. In an gama, kada a hura babbar wuta nan da nan. A yi 'yar ƙaramar wuta sau biyu ko uku tukuna, don ruwan da ke ciki ya fita a hankali.

A saman ɗakin wuta, a murhu da yawa, akwai wani faranti da ke tare harshen wuta kada ya miƙe ya fice ta bututu. Shi ya fi kowa shan wuya, shi kuma aka fi mantawa da shi. Sauke shi, ka share abin da ya taru a kansa; in ya gantsare ko ya huje, a sake.

Ƙofa tana da igiya a bakinta mai hana iska shiga. Ga yadda a ke gwada ta: sa takarda a baki, ka rufe, ka ja. In ta zare ba wuya, igiyar ta mutu, murhu zai riƙa cin itace kamar ba gobe. A ɓanɓare tsohuwar, a share kwarin, a shafa gam ɗinta, a danna sabuwa mai kauri daidai da ta da, ba tare da an ja ta ba. Amma ku lura ƙwarai. Igiyar tsofaffin murhu da asbestos a ke yin ta, ƙurarsa kuwa tana kawo mugun ciwon huhu bayan shekaru masu yawa, har Ingila ta hana shi ɗungum a 1999. Ta yanzu da zaren gilashi a ke yi. In ka tarar da tsohuwa fara mai tashin ƙura, kada ka goge ta a bushe. Jiƙa ta, ka rufe hanci, ka ƙulle ta a leda.

Saura bututu. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, busasshe kuwa ruwansa bai kamata ya wuce kashi 20 cikin 100 ba. In ana ƙona ɗanye, hayaƙin na barin kunkunniya da wani abu kamar kwalta a jikin bututu, wanda ke iya kamawa da wuta ya ci rufin kicin. In kuma ya toshe, hayaƙi ya komo ɗaki tare da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuwa kisa. Kuku ya ce kansa na ciwo kullum in yana aiki, kada ka ce lalaci ne, je ka duba bututu. A share shi kowane hutu, a kuma sayi itacen damina tun da rani, a jera shi a rumfa.