Yadda Za Ka Gane Ra'ayin Marubuci A Jarrabawar Auna Fahimta

A cikin tambayoyin auna fahimta akwai wadda take yawan kayar da ɗalibai, har da masu ƙwazo. Ita ce wadda ake cewa, "Mene ne ra'ayin marubucin game da wannan al'amari?" Akan gamu da irinta a jarrabawar WAEC da ta NECO, da kuma ta JAMB. Wahalarta ita ce, ba kasafai marubuci yake fitowa fili ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, fuskar marubuci ita ce kalmominsa. Ga hanyoyi biyar na karanta ta.

Na farko, lura da kalmomin da ya zaɓa. Dubi waɗannan jimloli biyu:

Mutumin nan mai tanadi ne, ba ya kashe kuɗi barkatai.
Mutumin nan marowaci ne, ko sisi ba ya fita daga hannunsa.

Mutum ɗaya ake magana a kansa, hali kuma ɗaya ne. Amma mai jimla ta farko yabo yake yi, mai ta biyu kuwa zargi. Haka nan "ya rasu" akwai girmamawa a ciki, "ya sheƙa barzahu" kuwa babu. Ka ja layi a ƙarƙashin irin waɗannan kalmomi yayin da kake karatu.

Na biyu, kada ka raina ƙananan kalmomi. In an rubuta, "Wai an gyara hanyar," wannan "wai" ta nuna marubucin yana shakka. Haka kuma "amma" da "sai dai" da "duk da haka". Marubuci yakan jera amfanin abu, sa'an nan ya ce "amma". Yawanci abin da ya biyo bayan "amma" shi ne matsayinsa na gaskiya.

Na uku, rarrabe muryoyi. In ka ga "waɗansu suna cewa" ko "masana sun yi iƙirari", ka sani maganar wasu ce aka kawo. Mai yiwuwa ne ya kawo ta don ya rushe ta. Ci gaba da karatu ka ga abin da ya yi da ita.

Na huɗu, yi hankali da gatse. Misali: "Madalla da wannan asibiti, inda mara lafiya yake zuwa da maganinsa da fitilarsa!" Mai gaggawa zai ga "madalla" ya ce yabo ne. Idan kalmar yabo ba ta dace da abin da ake bayyanawa ba, to, suka ce.

Na biyar, kafin ka dubi amsoshin da aka jera, yanke shawara da kanka: yabo ne, suka ce, ko kuwa bayani ne kawai ba tare da ɗaukar gefe ba? Sa'an nan auna ƙarfinsa. Damuwa daban take da fushi, shakka kuma ba ƙiyayya ba ce. Amsar da ta wuce gona da iri, ka ajiye ta, sai fa in kalmomin marubucin sun kai wannan zafin.

Babban tarko shi ne sa ra'ayinka a bakin marubuci. Ko kana ƙin shan taba, in marubucin tarihin noman taba kawai ya bayar, amsarka ita ce bai ɗauki gefe ba. Kafin ka rubuta, tambayi kanka: "Wane layi zan nuna da yatsa a matsayin shaida?" In babu, sake karantawa.

Wannan gwaninta sai da yawan gwaji. Kowane mako ku ɗauki sharhin jarida guda, ku karanta tare da abokai, kowa ya faɗi ra'ayin marubucin da hujjarsa. Amfaninsa ba zai tsaya a ɗakin jarrabawa ba, domin wanda ya iya gane nufin mai magana ba a ruɗinsa da sauƙi. Allah ya ba da sa'a.