Yadda Ake Mayar da Janareta Mai Shan Gas a Tafiyar da Shi Lafiya

Tun da Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, masu shaguna da gidaje da dama a Fagge da Sabon Gari na Kano suka fara jona janaretocinsu da tukunyar gas ɗin girki. Wutar KEDCO ba ta da tabbas, tela kuwa ba zai ce wa mai ɗinkin Sallah ya jira a kawo wuta ba. Aikin mayar da injin ba shi da wuya, amma akwai ƙa'ida.

Fara duba injin da kake da shi. Idan ƙaramin Tiger ne, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, ka haƙura. Man da ke cikin fetur ɗin shi ke sulɓe masa ciki, in ka ba shi gas zalla zai ƙone. Wanda ya dace shi ne mai ma'ajiyar baƙin mai daban, irin su Sumec Firman da Elepaq.

Sai sayayya. A France Road da kewayen kasuwar Sabon Gari za ka samu kafireta mai shan gas da fetur duka. Ka tafi da lambar injinka ko tsohuwar kafiretar a hannu, don ta mai 2.5kVA ba za ta hau babban inji ba. Ka haɗa da regulato, da tiyon gas na ainihi mai kauri, da kilif biyu na ƙarfe. Tiyon ruwa da ɗaurin kyauron roba, waɗanda wasu ke yi don rage kuɗi, su ne mafarin gobara. Tukunya kuma ka ɗauki mai kilo 12.5 ko sama. Ƙaramar mai kilo 6 takan yi raɓa ta yi sanyi ƙalau idan inji na zuƙa da ƙarfi, sai gas ya rage fita, injin ya dinga shaƙewa. Ka duba shekarar da aka buga a jikinta: hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta ƙayyade wa tukunya shekara 15, mai tsatsa a gindi kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Ɗaurin kafireta aikin bakanike ne da ya saba, kuma ka tsaya a kansa. Da ya gama, a kaɗa ruwan omo ya yi kumfa, a buɗe gas, a shafa a kan regulato da bakin tiyo ta kowane gefe. In ka ga kumfar na kumbura tana fashewa, akwai yoyo. A rufe a sake ɗaurewa. Kada wani ya ce bari ya gwada da ashana.

Inda za ka ajiye injin da tukunyar shi ne babbar magana, musamman a unguwannin nan da gini ke jingine da gini. Gas ya fi iska nauyi. Idan ya zurare ba ya tashi sama, ƙasa yake bi ya kwanta a lungu, ƙarƙashin matakala ko cikin kwata, yana jiran tartsatsi ɗaya. Don haka tukunya ta tsaya a tsaye, a inuwa, a fili mai iska, nesa da salansa gwargwadon tsawon tiyo. Ranar watan Afrilu a Kano takan haura digiri 40, ba a barin tukunya a cikinta. Kuma kada rashin baƙin hayaƙi ya ruɗe ka. Injin gas ma yana fitar da gubar nan marar wari da ke kashe mutane cikin barci. Zaure, ban-ɗaki da shagon da aka sauke ƙofarsa duk ba wurinsa ba ne, komai tsoron ɓarayi. A sa masa sarƙa a waje, salansa na kallon nesa da taga.

Wajen tayarwa, rufe famfon fetur, bar injin ya shanye abin da ya rage a kafireta har ya mutu da kansa. Cire duk kayan da ke jone. Buɗe gas, danna ɗan maɓallin da ke jikin kafiretar na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ka ja igiya. Ya yi minti biyu yana ɗumi kafin ka juya canji, wato makunnin da ke raba layin KEDCO da na inji, zuwa layin janareta. Canjin nan dole ne; wanda ya cusa waya kai tsaye a soket yana iya tura wuta kan ma'aikacin KEDCO da ke bisa turke. Ka fara da babban kaya kamar firji, sauran su biyo baya, kana sane da cewa a gas ƙarfin injin yakan ɗan ragu, kusan kashi ɗaya cikin goma.

Kashewa kuma daga tukunya ake farawa: sauke kaya, rufe gas, bari ya cinye na cikin tiyo ya mutu, sannan ka kashe makunni.

In za a fita da injin wurin biki, wa'azi ko gona, a kwance tiyo, a ɗaure tukunyar a tsaye cikin Adaidaita Sahu ko bayan a-kori-kura, ban da rufaffen but ɗin mota.

Batun riba kuwa, farashin gas yana hawa da sauka, don haka ka yi lissafinka da kanka. Auna tukunya a sikeli kafin tayarwa da bayan awa biyar da kayan da ka saba jonawa, ka kwatanta da kuɗin fetur na awannin nan. Baƙin mai yakan daɗe bai yi duhu ba a injin gas, amma ka canja shi kan lokacin da littafin injin ya ce.