Ajiyar Mota Mai Ɗaki a Lokacin Hunturu

A Amurka da Kanada akwai wata irin babbar mota mai gado da madafi da makewayi a cikinta, wadda iyali ke yawon buɗe ido da ita lokacin zafi. Da hunturu ya kama, sai a ajiye ta na watanni. Mai ita kuwa, in bai san halin ruwa ba, asara ke jiransa.

Ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyos. Yawancin abubuwa takurewa suke yi idan sun daskare, amma ruwa kumbura yake yi da kimanin kashi 9 cikin 100. Wanda ya rage cikin bututu ba shi da mafita, sai ya tsaga shi. Don haka ake tsiyaye tankuna, a hura iska cikin bututai, sannan a zuba maganin hana daskarewa mai sinadarin firofilin gilaikol.

Batir ma haka ne. Ko ba a amfani da shi, cajinsa na raguwa sannu a hankali. Yayin da ya ragu, asid ɗin cikinsa yakan tsinke ya kusa zama ruwa zalla, sai sanyi ya daskarar da shi, kwanson ya fashe. Maganin wannan shi ne a cire batirin, a adana shi cike da caji.

Gwaji: a cika gorar roba da ruwa fal, a rufe, a kwanar da ita cikin firiza. Me ya sami gorar da safe? Me ya sa?